Ranar Da Na Taya Kayan Ummata

Ku da kuka ishe ni da saƙo kuna tambayar inda nake sayen kaya, yau zan gaya muku, amma wallahi ba za ku ji daɗina ba. Na san wasu za su zage ni. Ku zaga, ni ma tun ranar nake zagin kaina.

Gwanjo nake sawa. Eh, gwanjo. Doguwar rigar nan mai ruwan toka da kuka yi ta zuzutawa a ƙarƙashin hotona, gwanjo ce, kuɗinta bai kai na man da wasunku ke shafawa ba. Kuma Ummata ce mai sayarwa. Shekara goma sha tara tana zaune a rumfa ɗaya a layin 'yan gwanjo, tun rasuwar Babana ina 'yar shekara huɗu. A kan dilar kaya na yi rarrafen wayo, a kanta na yi aikin makaranta.

Ita ta koya min duba kaya. Ta ce kada na taɓa yarda da gaban riga, na juya ta ciki tukuna. Na duba hammata, na duba wuya, na ja zif sama da ƙasa sau uku. Na ɗaga ta saitin rana, duk inda yadi ya siɗe haske zai tona shi. Na damƙe yadin a tafin hannu na ɗan jima sannan na saki, idan ya fito a yamutse na ajiye musu kayansu. Tambarin da ke wuya kuwa ta ce na manta da shi, ko yaro zai iya cirewa ya liƙa wani, nauyin yadi da ɗinkin ciki su ne ba sa ƙarya. Idan riga ta yi miki yawa ki saya, tela zai rage, idan ta matse ki ki bar ta ko kyauta ce. Kuma ki zo da sassafe ranar da ake fasa dila, ba tare da sarƙa ko zobe ba, don da hannunki ake yanka miki kuɗi.

Kafin na gama sakandare na fi ta gani, don ita idonta ya fara rauni. Ita ta sa min suna Mai Ido, duk layin suka ɗauka.

To ga inda matsalar take. Ina aiki a teburin karɓar baƙi na wani kamfanin sayar da tayil, a nan Injiniya ya gan ni. Ya zo zaɓen tayil ɗin wani gini da yake yi, ya zaɓa ya fasa, ya dawo washegari ya sake zaɓa, har sai da manajanmu ya gane ba tayil ne ke dawo da shi ba. Maganar farko da ya yi min ita ce, "Ban taɓa ganin mace mai iya sa kaya irinki ba."

Ranar da ya ce zai rage min hanya, sai bakina ya yi masa kwatancen gidan Gwaggo.

Gwaggo ƙanwar Babana ce, mijinta mai hali ne, gidansu da get da maigadi da fulawoyi a bakin katanga. Mu kuwa ɗaki biyu ne a gidan haya, ɗaya ma rabinsa dila ce ta cinye, ko'ina warin maganin kaya. Da na gaya wa Gwaggo abin da na yi, tafi ta yi.

"Yanzu na san jininmu ce ke. Kada ki kuskura ki kai shi akurkin nan. Irin waɗannan mutanen, da sun ji gwanjo sai su fara sosa jiki. Ki bari a ɗaura aure tukuna, in ya so kowa ya san kowa."

Wata takwas kenan a falon Gwaggo yake samuna. Sau ɗaya ya tambaye ni, "Mahaifiyarki fa?" Na sunkuyar da kai na ce, "Gwaggo ce uwata, ita ce ubana." Ya ce, "Allah sarki." Na ga abin da ya fahimta ƙarara a fuskarsa, kuma ban gyara masa ba.

Umma ta san a can yake zuwa.  Duk ranar fasa dila dai sai ta ware min ta lamba ɗaya, ta wanke, ta goge, ta rataye min a bayan ƙofa.

Ranar Laraba ina wurin aiki saƙonsa ya shigo.

"Yaya ta ce gobe za ki raka ta sayen kaya. Na gaya mata ba a kai ki ido ba."

 Yayarsa ce babba, ita ta riƙe shi bayan iyayensu sun rasu, kuma shi da bakinsa ya ce min duk wadda Yaya ta ce a'a, to a'a ce.

Na rubuta, "Wane kanti?"

"Ita za ta faɗa. Ki yi min kyau dai. Gobe ce jarrabawarki."

Har da alamar dariya ya sa. 

Na sa baƙar abaya mai nauyi da mayafi ruwan ƙasa, na tsaya a get ɗin Gwaggo ƙarfe tara. Motar Yaya ta zo, doguwa, sanyi kamar cikin firij. Ita kuma farar mace ce mai jiki, da tabarau a ka, zobba uku a hannu ɗaya. Ta dube ni daga sama har ƙasa kafin ta amsa gaisuwata.

"Wannan abayar nawa kika saye ta?"

"Gwaggo ce ta kawo min tsaraba, Yaya."

"Uhm. Direba, kasuwa. Layin 'yan gwanjo."

Na ji kamar an watsa min ruwan zafi. Ta ga na juyo, sai ta yi saurin cewa, "Ba ni ba fa. 'Yan aikina zan ɗan saya wa. Ko ba ki san wajen ba?"

"Na ɗan sani. Nakan saya wa 'yan aikin Gwaggo."

Ku ji fa, ƙarya ta haɗu da 'yar'uwarta. Don muna shiga kasuwar na lura duk rigar da ta ɗaga, a jikinta take karawa. 'Yar aikin da ke da ƙugun Yaya ban san inda take ba.

Na ja ta layin baya, can nesa da rumfarmu, na rufe rabin fuskata da mayafi wai ƙura. Na shiga yi mata aiki da gaske, don ta samu abin da take so mu fita. Ta ɗauki wata ja mai sheƙi, na damƙe na saki na nuna mata yadda ta koma kamar takardar da aka yar. Ta ɗauki wani siket, na ɗaga wa rana ta ga mazaunansa sun siɗe. Wata kuma zif ɗinta ya cije a ja na biyu. Yaya ta fara dubana da wani ido.

"Kai, yarinyar nan! Ashe ƙanena bai yi ƙarya ba."

Daɗi ya kama ni, ba zan ɓoye muku ba. Wannan daɗin ne ya sa na shagala, har ta yi gaba ta sha kwana ban tare ta ba.

Kowa ya san layin ya san rumfar Umma ta fita daban. Ita ba ta zube kaya a ƙasa. Kowace riga a wanke, a goge, a kan hanga. A gaba kuwa, inda kowa zai gani, ta rataye koriyar.

Na san rigar nan kamar tafin hannuna. Kore ce mai duhu, yadi mai nauyi da sanyi, doguwa har ƙasa, da shafi a ciki. Da ta fito daga dila akwai ƙunar dutsen guga a gefen hagu, ƙasa da aljihu, kamar girman ƙwandala. Umma ta zare zare daga kalmasar rigar kanta, ta saƙe wajen sili-sili. Kwana uku tana yi a bakin ƙofa inda haske yake, ni nake zura mata zare a allura don ba ta ganin kafar. Da ta gama ta miƙo min ta ce, "Mai Ido, nemo." Na fi minti biyar ina nema.

"Waccan!" in ji Yaya. "Waccan koriyar nake so."

Umma tana zaune a kan 'yar kujerarta tana ninke mayafai. Ta ɗago, ta gan ni, fuskarta ta washe.

"A'a, Mai Ido, yau ba aiki ne..."

"Iya, nawa wannan?"

Haka na ce. Iya. Yadda ake kiran kowace tsohuwa a kasuwa. Na faɗa da ƙarfi, ina kallon rigar, ba ita ba.

Ta tsaya da mayafi a hannu. Ta dubi Yaya, ta dubi zobban, ta dubi direban da ke bayanmu riƙe da leda. Ummata ba ta yi boko mai nisa ba, amma ba a yi mata bayani sau biyu. Na ga lokacin da murmushin ya sauka daga fuskarta.

"Sannunku da zuwa, Hajiya," ta ce. Ni take cewa Hajiya. "Dubu goma sha biyu ce."

Yaya ta taɓo ni. "Ta san ki ne? Me ta kira ki?"

"Haka suke ce min a nan, wai na cika bin ƙwaƙƙwafi. Na gaya miki nakan saya wa 'yan aiki."

Maƙwabciyar Umma, mai sayar da jakunkuna, wadda ta goya ni ina ƙarama, ta buɗe baki za ta yi magana. Umma ta ɗan girgiza mata kai, ta rufe bakin ta koma ta zauna tana kallona.

Yaya ta sauke rigar, ta kara a jikinta, ta manta da zancen 'yan aiki gaba ɗaya. Ta raɗa min, "Wallahi a kanti sai ta yi dubu sittin. Amma taya min, na ga kin iya."

Da na tsaya a nan, da da sauƙi. Da na ce dubu goma, Umma ta ce a kawo, mu tafi. Amma tsoro ya riga ya shige ni. Gani nake Yaya ta ga kamar da ke tsakanin goshina da na Umma, gani nake ta ji wani abu a muryarmu. Na ce a raina sai na nuna mata babu abin da ya haɗa ni da matar nan.

"Dubu uku," na ce.

"Haba Hajiya. Ko sarinta bai..."

"Sari? Rigar da aka yi wa faci?"

Na karɓe ta daga hannun Yaya. Ban ma yi kamar ina nema ba. Hannuna ya tafi kai tsaye gefen hagu, ƙasa da aljihu, na juya cikin, na ɗaga wa rana.

"Yaya duba nan. Kin gani? Ƙuna ce aka saƙe. Haka suke yi, su rufe aibi su rataye a gaba, su yanka wa mutum kuɗin sabuwa. In ba ki da ido sai ki kai gida, wanki biyu ta buɗe."

Ƙarya nake, saƙar nan ko wanki ɗari ba za ta buɗe ba. Kuma Umma ba ta taɓa sayar da gyara ba tare da ta nuna wa mai saye ba. Al'adarta ce sai an daidaita, kafin ta karɓi kuɗi, ta ce, "Tsaya na nuna miki wani abu." Duk layin sun san ta da haka, shi ya sa matan ofis ke tsallake rumfa ashirin su zo wajenta. Abin da ta tara kenan a shekara goma sha tara, ba gida ba, ba fili ba.

"La'ilaha!" in ji Yaya. "Iya, da girmanki? Da furfurarki?"

"Da zan nuna miki, Hajiya."

"Yaushe?" na ce. "Bayan kin soke kuɗin a lalita? Ku ji tsoron Allah, kuna cutar mutane."

Mata biyu da ke duba siket a rumfar suka ajiye a hankali suka wuce. Mai jakunkuna ta ce, "Innalillahi," ta juya mana baya. Wani mai tura baro ma sai da ya tsaya kallo.

Umma ba ta ɗaga murya ba. Ta dube ni, irin kallon da take wa riga idan ta ɗaga ta saitin rana.

"Hajiya ta iya duba kaya," ta ce wa Yaya. "Wadda ta koya mata ta koya mata da kyau. Ku kawo ukun."

Ta ninke rigar da kanta, hannu biyu a ciki, wuya a sama, ta sa a leda. Sai da ta yi sau biyu kafin ta ƙulle bakin ledar. Yaya ta zaro kuɗi ta miƙo min, wai ni na ba ta. Na ba ta. Yatsunmu suka taɓa juna, ta janye nata.

Har mun juya Yaya ta dawo. "Iya, duk da haka kayanki na da kyau. Ba ni lambarki, in an fasa sabuwar dila ki kira ni kafin kowa. Amma ban da faci."

Umma ta karanto mata lambar, ina tsaye ina bin kowace lamba a zuciyata.

A mota Yaya sai dariya take, tana shafa ledar. "Dubu goma sha biyu zuwa uku! Ke ai dukiyar ƙanena ba za ta salwanta a hannunki ba." Ta sauke ni a get ɗin Gwaggo. Kafin na shiga saƙon Injiniya ya iso.

"Me kika yi wa Yaya? Sai yabonki take. Kin ci jarrabawa, amaryata."

Na ba Gwaggo labari ina jiran ta zage ni, ko zan ji sanyi. Ta kwashe da dariya har da riƙe ciki.

"To me? Uwarki ai 'yar kasuwa ce, ta saba. In kin shiga gidan sai ki saya mata rumfar gaba ɗaya. Share hawayen nan kada idonki ya kumbura."

Da la'asar na koma gida. Na share ɗaki, na wanke kwanuka, na ɗora ruwa, na yi duk aikin da ban saba yi ba sai an yi magana. Umma ta shigo da ƙullin kaya a ka, da wuri fiye da kullum. Na tashi zan sauke mata, ta kauce ta sauke da kanta.

"Sannu da zuwa, Umma."

"Yauwa."

Ta yi alwala, ta yi salla, ta jona dutsen guga, ta shimfiɗa bargo a ƙasa ta fara gugar kayan gobe. Na durƙusa a gefenta.

"Umma, don girman Allah ki yafe min. Tsoro ne. Yayarsa ce, in ta ce a'a shi kenan. Zan biya ki cikon kuɗin, wallahi albashi na shigowa..."

"Matsa, kin tare min haske."

Na matsa. Na yi kuka har majina, ita kuwa tana bin wuyan wata farar riga da dutse, a hankali, kamar ba kowa a ɗakin. Da ta mare ni da na gode mata.

Sai wayarta ta yi ƙara. Tsohuwar waya ce mai maɓalli, kuma saboda kunnenta kullum a lasifika take amsawa. Ta danna ta ajiye a kan bargon.

"Salamu alaikum, Iya mai gwanjo? Ni ce wadda ta sayi koriyar riga ɗazu."



"Na gane ki, Hajiya. Rigar ta yi?"

"Ta yi kamar don ni aka ɗinka. Ba shi ya sa na kira ba. Yarinyar nan da muka zo tare, na ga kamar kun saba. Ƙanena ne ke nemanta. Kin san aure ba a yin sa da ka, kuma ku 'yan kasuwa babu gidan da ba ku sani ba. Mu gwaggonta kawai muka sani. Tsakaninki da Allah, 'yar gidan mutunci ce? Kin san iyayenta?"

Umma ta kafe dutsen gugar a tsaye. Ta dube ni. Na haɗa hannuwana biyu, ni kaina ban san me nake roƙo ba, ta faɗa ko kada ta faɗa.

"Na san su," ta ce. "Ubanta mutumin kirki ne, ya daɗe da rasuwa. Yarinyar ba ta da abin zargi, ba ta yawo, ba ta ɗauke-ɗauke. Ku riƙe ta da kyau."

"Alhamdulillahi. To uwar fa? Ƙanena ya ce kamar ba ta raye, amma bai tabbatar ba."

Na girgiza kai da ƙarfi, na kama gefen zanenta. Na buɗe baki, wallahi na buɗe, amma ko sauti bai fito ba. Ta jira ni. Ina rantse muku ta jira ni, ta ba ni lokacin da zan ce, Yaya, ga ta nan, ita ce kike magana da ita. Wayar na nan a kan bargo tsakanina da ita, ko hannu ba sai na miƙa ba.



Umma ta zare zanenta daga hannuna.

"Gaskiya ya gaya miki, Hajiya. Ta rasu."

"Allah sarki! Allah ya ji ƙanta. Ta daɗe?"

"A'a," in ji Ummata. "Ba ta daɗe ba."

Suka yi sallama, ta kashe wayar. Ta tashi ta ɗauko babbar jakar da muke zuba kayan lamba ɗaya, ta buɗe ta a tsakar ɗaki, ta shiga sauke rigunana daga bayan ƙofa ɗaya bayan ɗaya tana ninkewa, hannu biyu a ciki, wuya a sama.

"Umma me kike yi? Umma!"

"Ki tafi gidan Gwaggonki kafin magariba," ta ce, ba tare da ta ɗago ba. "Mutanen nan masu bincike ne. Kada su zo su same ki a ɗakin mai gwanjo."

Wayata ta yi haske a kan katifa. Injiniya ne.

"Yaya ta gama bincikenta, ta amince! Ta ce tunda marainiya ce ke, ita za ta zame miki uwa. Ranar Asabar muna zuwa wajen Gwaggo."

Umma ta ja zif ɗin jakar, ta jawo ta har bakin ƙofa, ta koma ta zauna ta ɗauki dutsen gugarta.